Fili a Bakin Ruwa: Tafkin Bakolori da Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Kusan a ko'ina, filin da ke bakin ruwa ya fi sauran filaye tsada. A garuruwan gaɓar teku irin su Legas da Kwatano da Lome, masu kuɗi na rububin filayen da ke fuskantar teku don gina otal-otal da gidajen haya da wuraren shaƙatawa. Jihar Zamfara na da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, amma tana da nata babban bakin ruwa, wato tafkin Bakolori da gonakin noman rani da ke shan ruwansa a ƙananan hukumomin Maradun da Talata Mafara da Bakura. A nan ma ruwa ne ke yanke wa ƙasa farashi, sai dai ba don kallo ba, don noma da su. Mai niyyar sa dukiyarsa a irin wannan wuri yana bukatar amsar tambayoyi uku kafin ya ƙirga kuɗi: wa ke da iko da filin, ina ruwan ke kaiwa ina kuma yake tsayawa, sannan su wa ke rayuwa a kansa tun kafin zuwansa.

Yadda wurin yake

Gulbin Sakkwato ya faro ne daga wajejen Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa ta Gusau, ya nufi arewa maso yamma har ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kogin Kwara. A ƙasar Maradun aka datse shi. An fara aikin madatsar a 1974, aka kammala a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta. Tsawon bangon ya kai kilomita biyar da rabi, mafi yawansa tarin ƙasa da duwatsu, da wani sashe na kankare a tsakiya mai tsawon mita 360 da tsayin mita 48, inda ƙofofin sakin ruwa suke. An gina ta da ƙaramar tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat uku. Tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye kimanin hekta 8,000, ya miƙe wajen kilomita 19, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450.

Mai ziyara yakan sauka ne a Talata Mafara, wadda ke kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma ita ce cibiyar kasuwancin yankin. Can akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da jami'ar jihar, da tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. A Bakura akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi, da tafkin Natu da masunta suka sani. Kowane gari cikin ukun yana da masarautarsa: Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, kuma babu maganar ƙasa da ke tafiya daidai a ƙauyukan ba tare da sanin hakimansu da dagatansu ba.

Kamannin wurin na sauyawa da lokaci. Daga ƙarshen damina zuwa kaka tafkin na cike, ruwa ya taɓa gindin itatuwan da ke gefe. Da hunturu iska kan tayar da igiyar ruwa, hazo ya rufe ɗaya gaɓar. Da bazara ruwan kan ja baya ya bar laka mai faɗi, wadda manoma ke bi suna shuka, makiyaya kuma suna gangaro da shanu. Da sassafe masunta ke dawowa cikin kwale-kwale, su juye abin da suka kamo a bakin gaɓa, tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, 'yan sari na tsaye da kwanduna ana ciniki tun kifin na motsi. Abin da bai sayu ɗanye ba sai ya tafi wurin masu banda.

A ƙasan madatsar kuma babban kanal ne ke ɗaukar ruwa ya raba wa ƙananan hanyoyi har cikin gonaki. A watan Fabrairu ko Maris, lokacin da dajin da ke kewaye ya bushe ƙamas, shinkafa kan yi shar a cikin wannan shimfiɗa iyakar ganin ido. Wanda ya ga wannan bambanci tsakanin gonar da kanal ya ratsa da wadda ke bayanta da taku kaɗan ya fahimci dalilin tsadar ƙasar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Yadda ƙasar ta sauya hannu

Kafin madatsar, mutanen kwarin sun daɗe da tsarin nomansu. Suna shuka gero da dawa a tudu, suna noman shinkafa a fadama idan gulbi ya yi ambaliya, idan ruwa ya janye kuma su yi lambu a danshin da ya bari. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a gina madatsa madaidaiciya a yankin. Da kuɗin man fetur suka shigo a farkon shekarun 1970, sai gwamnatin tarayya ta zaɓi babban aiki, ta ɗora shi a kan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Aikin ya taɓa mutane ta fuska uku. Waɗanda ke inda tafkin ya taru, dubbansu, sun rasa gidaje da gonakin fadama, aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu inda ƙasar ba ta kai tasu albarka ba. Waɗanda ke inda aka shimfiɗa gonakin noman rani an karɓi gonakinsu don a baje su da manyan injuna, aka sare itatuwan amfani, suka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba, kuma da aka zo mayar da filayen sai rabon ya zo da ruɗani da ƙorafi. Na ukun su ne mutanen da ke can ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu. Binciken masani William Adams ya nuna yadda noman shinkafa da na lambu da kamun kifi suka ja baya a wannan sashe, manoma suka koma gero da dawa.

Rikicin diyya ya yi ta ruruwa har manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, masu bincike kuma suka ce sun haura ɗari uku. Wannan tarihi yana da rai har yau a gidajen yankin. Shi ya sa maganar karɓar fili, ko daga gwamnati ko daga attajiri, ba a ɗaukarta da wasa a can, kuma baƙon da ya zo da kuɗi ba tare da sanin wannan ba yana iya yi wa tsantsenin mutane mummunar fassara.

Abin da ke ba fili daraja

An tsara aikin ya shayar da kimanin hekta 23,000. Wajen hekta 15,000 daga ciki da na'urorin feshin ruwa masu aiki da wutar lantarki aka nufa, sauran hekta 8,000 kuma da ruwan kanal mai gangarowa da kansa. Na'urorin feshin sun yi tsadar gudanarwa, suka lalace, kuma zuwa farkon shekarun 2000 sun daina aiki, aka bar noman rani a kan hekta 7,500 ko kusa da haka, mafi yawa shinkafa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 don shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, kuma Bakolori na cikinsu tare da na Kogin Kano da Kwarin Haɗeja da Dadin Kowa da yankin Goronyo. Shirin ya haɗa da gyaran kanal-kanal, da mayar da wani sashe na yankin feshi zuwa ban ruwa na gangare, da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa waɗanda ke karɓar kuɗin ruwa da kula da ƙananan hanyoyi.

Daga wannan tarihi ake gane cewa kasancewar gona a cikin taswirar aikin ba shi ne samun ruwa ba. Gonaki biyu na iya zama a shiyya ɗaya, ɗaya a bakin kanal, ɗaya a wutsiyarsa. Mai ta bakin kanal yakan tsoma lanƙwasasshen bututun roba cikin ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ɗaga shi ya tsallakar da shi kan kunya, ruwa ya fara kwarara cikin fangalinsa. Mai ta wutsiya kuwa yakan jira har na gaba su ƙoshi, wani lokaci sai da dare rabonsa ke isowa, wani lokaci sai ya haƙa rijiya ya sayi injin ban ruwa da fetur. Wannan tazara ita ce ke raba farashin gonakin biyu, kuma ba a ganinta a takarda.

Bayan ruwa sai ingancin ƙasa. Inda magudanan fitar da ruwa suka toshe da laka da ciyawa, ruwa kan kwanta, gishiri ya taso ya yi fari a saman ƙasa, shuka ta tsumbure. Sai kuma hanya: gonar da mota ke isa gare ta da damina ta fi wadda sai an yi dakon buhuna a kan babur ko amalanke. Kusanci da kasuwa da injinan casar shinkafa shi ma ƙari ne.

Ba gona ce kaɗai abin saye ba. Noman rani na jawo bukatar sito na ajiye shinkafa da taki, da rumfunan sayar da iri da maganin feshi, da filin shanya, da wurin casa. A Talata Mafara makarantun gaba da sakandare na kawo ɗalibai da ma'aikata masu neman ɗakin haya. Bugu da ƙari, mutanen da rashin tsaro ya taso daga ƙauyuka sun ƙara matsin neman muhalli a manyan garuruwa. Saboda haka fuloti a cikin gari na da tasa kasuwar, wadda ke tafiya da yawan jama'a, yayin da kasuwar gona ke tafiya da ruwa da farashin amfanin gona.

Wa ke da iko da ƙasar

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A ƙarƙashinta, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama da amfani ne. A yankunan da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, galibi ta shekara 99. A karkara ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Sayar da fili mai takardar gwamna ko jinginar da shi a banki na bukatar amincewar gwamnan. Gwamnati kuma na iya soke haƙƙin don amfanin jama'a, ta biya diyyar gini da amfanin gona da sauran abin da aka yi a kan filin. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin ya samo tushe daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1910 da Dokar Filaye ta Jihar Arewa ta 1962.

A Bakolori akwai ƙarin hannu a kan ƙasar. Madatsar da kanal-kanal da hanyoyin gefensu da gidajen ma'aikata kayan gwamnatin tarayya ne a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Haka kuma filin da tafki ke rufewa idan ya cika. Manomi na iya shekaru yana shuka a lakar da ruwa ya bari da rani, amma hakan bai mayar da wurin abin sayarwa ba, kuma wanda ya saya ya yi gini a kai ya sayi rigima da ambaliya a lokaci ɗaya. Gonakin da ke cikin aikin kuwa akasarinsu na manoma ne, ƙanana ƙanana, kuma wanda ya mallaki ɗaya yana ɗaukar nauyin kuɗin ruwa da bin jadawalin sakinsa.

Sai kuma shari'ar Musulunci da al'ada, waɗanda a zahiri su ke tafiyar da yawancin cinikin ƙasa a ƙauye. Gonaki da yawa na gado ne da ba a raba ba. Babban wa na iya nomawa shekara ashirin, mutane su riƙa kiran gonar da sunansa, alhali ƙannensa mata da ke aure a wasu garuruwa da marayun ɗan'uwansa duk suna da kaso. Idan ya sayar shi kaɗai, cinikin na iya warwarewa a kotun shari'a. A mazhabar Malikiyya akwai kuma haƙƙin shuf'a, wanda ke ba abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba damar karɓar kason da aka sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya. Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996, tana da hukumar taswira da rajistar filaye ta ZAGIS a Gusau, inda ake bincika ko fili na da takarda da sunan wa.

Saye, haya da jingina

Ba dole sai an saya ba. Manoman yankin sun saba da hanyoyi da dama na samun gona. Akwai haya, inda ake biyan kuɗi ko buhunan shinkafa don noman rani ɗaya ko na shekara. Akwai aro, wanda ake yi tsakanin dangi da abokan arziki. Akwai jingina, inda mai gona ya karɓi kuɗi ya bar gonar a hannun mai kuɗin har ya biya, ko da yake malamai na da magana a kan cin amfanin abin da aka jinginar, don haka mai tsoron shiga riba yakan nemi fatawa tukuna. Akwai kuma haɗin gwiwa, inda ɗaya ya kawo gona da ƙarfi, ɗaya ya kawo iri da taki da kuɗin ƙwadago, a raba amfani bisa yarjejeniya.

Ga baƙo, haya ta fi saye hikima a matakin farko. Noman rani ɗaya ya isa ya nuna masa ko ruwa na isowa a kan lokaci, ko ƙasar na da gishiri, ko tsuntsaye jan-baki na sauka a shiyyar lokacin da shinkafa ta fara nuna, da kuma halin maƙwabta. Haɗin gwiwa kuma na da wata fa'ida da ta wuce riba: yana barin ƙasar a hannun masu ita. Talakan da ya sayar da gonarsa ta ban ruwa don biyan kuɗin asibiti ko kuɗin fansa da wuya ya sake mallakar irinta, sai ya koma ɗan ƙwadago a inda ya gada. Jarin da ke shigowa ta wannan ƙofa na iya halatta a takarda, amma yana ƙara yawan marasa abin yi a yankin da ya riga ya sha wahalar hakan.

Haɗurran da ke tattare da wurin

Na farko ruwan ne kansa. Idan damina ta yi ƙarfi tafkin ya cika, dole a buɗe ƙofofi don kare madatsar, kuma gonaki da gidajen da ke kwarin ƙasa su ke karɓar ruwan. A gefe guda, yashi da laka da gulbi ke kwasowa suna taruwa a gindin tafkin shekara da shekaru, suna rage yawan ruwan da yake iya riƙewa don rani. Ruwan da ke kwance kuma na kawo sauro da zazzaɓin cizonsa, da tsargiya da ke kama yaran da ke wanka a kanal da manoman da ke wuni cikin ruwa. Shiga kwale-kwale ba tare da rigar kariya ba, ko cika shi fiye da kima ranar kasuwa, ya sha jawo asarar rayuka a kogunan Arewa.

Na biyu kasuwa. Darajar gonar shinkafa na bin farashin shinkafa, shi kuma yana bin manufofin gwamnati. Rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019 ya ɗaga farashin ta gida, noman ya yi armashi. Duk lokacin da aka sassauta shigo da ta waje, ko taki da fetur suka yi tsada, ribar kan tsuke, kuɗin hayar gona ma ya bi ta.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a yau, tsaro. Ƙananan hukumomin uku duk sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. A wannan tsakanin gwamnati ta rufe kasuwannin mako tare da katse layukan waya na wani lokaci. A wasu ƙauyuka sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka ko girbi. Gonar da mai ita ba ya iya zuwa, komai kyawunta, ba ta da amfani gare shi, kuma arahar da ake gani a irin waɗannan wurare farashin tsoro ce. Ziyara ma sai da shawarar mutanen gari da hukumomi game da hanya da lokaci.

Batun shaƙatawa

Tafki mai faɗin Bakolori na iya ɗaukar masaukin baƙi da wurin cin gasasshen kifi da yawon jirgin ruwa, musamman lokacin bukukuwan Sallah da ziyarar ɗalibai. Amma abin da ya faru a wasu wuraren Arewa ya isa jan kunne. A Jihar Kano an gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a bakin madatsar Tiga, suka yi tashe na wani lokaci sannan suka dusashe, har na Bagauda ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Kyan wuri kaɗai ba ya cika ɗakuna. Ana bukatar hanya mai kyau, da wuta, da kwanciyar hankali, da dalilin da zai sa mutane su riƙa dawowa. Argungu, wadda ke kan wannan gulbi a can ƙasa, ta samu irin wannan dalili a bikin kamun kifinta da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma ko can baƙin na 'yan kwanaki ne, kuma bikin ya taɓa tsayawa na kusan shekara goma saboda tsaro. Kowane irin wurin shaƙatawa a Zamfara kuma dole ya dace da shari'a da al'adun mutanen jihar, ya zama na iyali, ya kuma samu izinin hukumar da ke kula da madatsar.

Abin da gaɓar teku ke koyarwa

Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe a Legas, a Agege da Idi-Araba da Obalende, wasunsu kuma na sayen filaye a Lekki da Badagry da sauran wuraren da ke kusa da teku. Matsalolin da suke tararwa irin na Bakolori ne, da girma dabam. Teku na cin ƙasa: bakin ruwan Bar Beach ya zaizaye har ruwa ya riƙa shiga titunan Victoria Island, kafin a cike wurin da yashi a gina Eko Atlantic a bayan katangar duwatsu. A Jihar Ondo teku ta haɗiye babban sashe na garin Ayetoro. Gwamnati ma na karɓar fili: da aka fara hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700 a 2024, an rushe gine-gine da dama, ciki har da na wurin shaƙatawa na Landmark. Dokar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta 1997 kuma ta keɓe mita 100 daga gefen hanyoyin ruwan da ke ƙarƙashinta. Sannan akwai talakawan da aka tasa: a watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe Maroko, ta raba mutane kimanin 300,000 da muhallinsu, wurin ya koma unguwar masu hali. Ko a teku ko a tafki, ruwa da gwamnati da mutanen asali su ne ukun da ke iya raba mai saye da abin da ya saya.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye yakan fara da ganin filin sau biyu, da tsakiyar damina da kuma tsananin rani, domin kowane lokaci na ɓoye abin da ɗayan ke nunawa. Alamar ruwa a jikin itatuwa da bango, da bakin tsofaffin unguwa, su ke faɗin inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Daga nan sai a binciki asalin filin wurin mai unguwa da dagaci da maƙwabta, ba wurin dillali kaɗai ba, tunda shi la'adarsa na ga ƙulluwar ciniki. Idan na gado ne, a nemi shaidar rabo daga kotu ko sa hannun dukkan magada, mata da maza. Idan gona ce a cikin aikin ban ruwa, a je ofishin aikin da ƙungiyar masu amfani da ruwa a tabbatar da sunan mai ita da ko akwai bashin kuɗin ruwa a kanta. Idan fuloti ne a gari, a bincika a ofishin filaye ko ya faɗa kan hanya ko burtali ko filin makaranta.

Ranar ciniki akan zaga iyaka da ƙafa, mai sayarwa a gaba, maƙwabtan kusurwa huɗu na biye, ana nuna kunya da layin gamba da bishiyar da ta raba, kowa ya amsa da bakinsa cewa nan ne. Sai a rubuta takarda da girman filin da kuɗinsa da sunayen shaidu, mai unguwa da hakimi su sa hannu, a biya ta banki don a samu shaida. Bayan nan a kawo safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a kai takardun ga ƙaramar hukuma ko ofishin filaye na jiha don rajista. Filin da aka saya kuma ba a barinsa haka nan: a noma shi, ko a ba wani amintacce haya da rubutacciyar yarjejeniya, domin a yankin da ƙasar ban ruwa ta yi wa jama'a kaɗan, gonar da aka bari ta yi ciyawa ba ta daɗewa ba ta samu mai da'awa ba.